Rumfar da Na Yi wa Gilashin Rana

Bana azumi ya zagayo ya faɗo a bakin bazara, daidai inda ya same mu shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Jiya bayan azahar ina zaune a gindin mangwaro, a lambun ɗana Nasiru da ke fadamar Diggi, ina kallon farantan sola da ya jera a kan ƙarfe. Rana ta take, iska kamar daga bakin tanda take fitowa, ruwa kuwa sai bulbulowa yake daga mesa yana bin fangalin albasa ɗaya bayan ɗaya. Nasiru ya kishingiɗa yana latsa waya. Ba gumi, ba guga, ba ƙarar inji. Na daɗe ina kallon ruwan nan, har ya mayar da ni shekarar da na fara ganin irin wannan abu.

Mu mutanen Malisa ne, ta ƙasar Gwandu. A shekarar da nake magana damina ta fara da kyau, har muna cewa bana sai an ƙara rumbu. Gero na cikin bununi ruwa ya ɗauke. Kullum da yamma hadari ya taso ta gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, sannan iska ta kwashe shi ta kai wa wasu. Da kaka ta zo, abin da muka zuba a rumbu bai kai mini ƙugu ba. Gidan kuwa mu biyar ne: ni, da matata Hajo, da 'ya'yanmu biyu, da Inna mahaifiyata.

Akwai kuma wani geron da ba a lissafa shi cikin abinci. Geron Baba muke ce masa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana zaɓensa zangarniya-zangarniya, har ya fitar da wani iri mai tsawo, mai gargasa, wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kansa, ga saurin nuna. Bayan rasuwarsa Inna ta gaji zaɓen. Ko a wannan muguwar kakar sai da ta bi gonar ta tsinto masu ƙwari, ta ɗaure ƙananan dammuna biyu, ta sa na rataye su a ƙugiyar da ke saman murhunta inda hayaƙi ke korar ƙwaro. Ina saukowa ta ce da ni, “Ka gani ko? Wanga ba abinci ba na. Wanga gona ta.”

Lissafin ba mai wuya ba ne. Rumbu zai kai mu ƙaramar salla in an yi tattali. Daga nan zuwa saukar ruwa sai an nemo wani abin, in ba haka ba hannu zai kai ga ƙugiyar nan. Shi ya sa na ɗauki Hajo muka tafi Diggi ta ƙasar Kalgo, wurin Kawu Bawa, ƙanen Inna. Yana da lambu a fadama da rijiyar bututu, amma gwiwoyinsa sun gaji. Muka shirya ni zan yi aikin albasa, a raba amfani biyu. Yaran muka bari wurin Inna.

Kawu yana da injin ban ruwa mai shan fetur, kuma yana ji da shi. Ranar da ya saye shi ya tumɓuke jigonsa na ɗiban ruwa, ya yi azarar zaure da itacen. To a shekarar nan fetur ya yi ɓatan dabo. Mutum ya ɗauki jarka ya tafi Birnin Kebbi, ya kwana biyu a layi, ya dawo da ita tana ƙara. Na 'yan bumburutu kuwa rabinsa kananzir ne, inji ya sha ya yi ta tari. Fadamar da ta saba da ƙarar injuna ta yi tsit, manyan mutane suka koma ɗibar ruwa da ƙwarya kamar kakanninsu.

Ana cikin haka, gab da dashe, wata farar mota ta tsaya a bakin lambun Kawu. Wasu masu gwaji ne, suna neman rijiyar da ke kusa da hanya. Kwana biyu suka yi suna haƙa da ɗaure-ɗaure, suka kafa ƙarfe, suka jera wasu gilasai shida masu launin shuni a kai, suka zura wani abu cikin rijiya. Babbansu saurayi ne siriri mai maganar Kano. Da hantsi ya murɗa wani maɓalli, sai ga ruwa, ba hayaƙi, ba ƙara. Kawu ya zagaya abin sau biyu yana neman inda ake zuba mai.

Saurayin ya ce, “Baba, ba ya shan mai. Rana yake ci.” Sannan ya dube ni, da yake ni ne mai jini a jika, ya ce, “Amana ce fa. Ku kula da shi. In ya fashe babu irinsa a ƙasar nan, sai an aiko daga waje. Bayan salla zan dawo.”

Magana biyu ya faɗa mana. Ta biyun ce ta fi zama a kaina.

Watannin sanyi sun tafi lafiya lau. Da sassafe ruwan yakan fito siriri, hantsi na ɗagawa ya yi ƙarfi, ya wuni yana zuba har rana ta yi ja. Muka yi dashe, ni da maƙwabtan lambu, yau a nawa gobe a nasu. Bayan kwana uku-uku na bi fangali da fartanya, in buɗe wannan in toshe wancan. Na kwaso takin tumaki a jaki, na cire ciyawa da hannu har faratana suka yi baƙi. Albasa ta miƙe, ganyenta shar, in ka tsaya a tsakiya da safe ƙamshinta har cikin ido. In mun gama Kawu yakan ce a juya mesa ga na kusa. Mata ma suka gano wurin, suna zuwa da tulu da kayan wanki. Mutane daga ƙauyuka suka riƙa zuwa kallo, har muka sa masa suna gilashin rana. Ni kuwa kullum da safe sai na goge shi da tsohon rawanin Kawu, kuma ba yaron da ya isa ya matso da danƙo.

Sai sanyi ya janye, watan azumi ya kama, zafi ya shigo tare da shi. Rana ta uku ko ta huɗu, da tsakar rana, na dafa gilashin zan gyara zaman mesa. Na janye hannu ba shiri. Da an fasa ƙwai a kai da ya soyu.

A nan ne na yi tunani, kuma har yau ba na ganin tunanin wawa ne. Duk wanda ya riƙe rediyo a zamanin ya san in batir ya yi sanyi akan shanya shi a rana ya farfaɗo, amma in an manta shi ya wuni sai ya kumbura ya yi ruwa. Injin Kawu ma rumfa gare shi, kuma da azahar kashe shi ake yi ya huta. Doki a inuwa ake ɗaure shi, randa a inuwa take, jariri ba a barinsa a rana. Tun da na tashi ban taɓa ganin abu mai daraja da aka bari rana ta yi ta dukansa ba. Na ce to, rana yake ci, na yarda, amma ai kowane mai ci yana ƙoshi. Ya ci ta safe ya ajiye a ciki, ta tsakar rana ɓarna ce kawai.

Na kai wa Kawu maganar. Ya shafa gemu ya ce, “Garba, ka yi hankali. Kayan mutane na. In yah hwashe hannunmu, mi za mu ce musu?”

Kwana biyu na yi ina saƙa zana da gamba sabuwa, saƙa mai kauri wadda ko tsinken haske ba ya ratsawa. Na saro gwafanni huɗu na kafa, na ɗaga su yadda zanar ba za ta goge gilashin ba. Da walaha in ɗora, da la'asar in sauke. Rumfa ce mai kyau, ban taɓa yi wa kaina irinta ba. Masu wucewa suna tsayawa su yaba, su ce wanga bawan Allah ya san darajar kaya. Na ji daɗin wannan yabo, ba zan ɓoye ba.

Ruwa ya ragu. Da na ɗora zana sai ya koma kamar fitsarin akuya, wani lokaci ya tsaya cak. Ban yi mamaki ba, don ai hutu na ba shi. Abin da ya dame ni shi ne na safe da na yamma ba sa isa, ga albasa ta fara ɗaura kai, lokacin da ta fi kowane lokaci son ruwa. Kowa ya kawo nasa bayani. Wani ya ce rijiya ce ta ja baya saboda bazara. Wani ya ce dama kayan gwaji haka suke, farkonsu ne da daɗi. Ni kuma na ce gajiya ce, zafin bana ya yi masa yawa. Saboda haka na ƙara masa hutu, na riƙa ɗora zana tun hantsi.

Akwai tsohuwar rijiyar hannu a ƙarshen lambun, wadda jigo yake kanta da. Na yashe ta, na nemo guga da garwa biyu, na rataya a sanda. Haka na yi azumin nan. In ja guga, in cika, in saɓa, in taka ƙasa mai ƙuna zuwa fangali, in juye, ƙasa ta shanye kafin in juya baya. Zuwa azahar harshena ya zama kamar busasshiyar fata, miyau ya ƙafe, in na miƙe sai in ga baƙi-baƙi na yawo. Ruwa na zuba a ƙafata ba halin kurɓa. Kafaɗata ta saɓule ta yi kanta, ta sake saɓulewa. In na zo wucewa ta gaban gilashin yana hutawa a inuwarsa, har wata 'yar gamsuwa nake ji, ina cewa ko ba komai na riƙe amana.

Mutum ɗaya da garwa biyu ba ya shayar da lambu. Bakin ganye ya fara rawaya, sannan ya kwanta. Ƙamshin nan na safe ya koma wani wari-wari kamar na miyar da ta kwana. Na saki layin da ya fi nisa don in ceci na kusa. Bayan kwana uku na saki na biye da shi. Kawu yakan zo da la'asar yana dogara sanda, ya tsaya ya duba, ya ce Allah shi kyauta, ya koma.

Buɗa baki kunu ne, kullum yana ƙara tsinkewa, sai kwaɗon rama in an samu ƙuli. Hajo takan zuba mini mai kaurin, ta ce ita ta sha nata a madafi. Na san ba ta sha ba, ita ma ta san na sani. Tsakiyar watan wani mai jaki ya zo daga Gwandu da saƙon Inna: tana gaishe mu, yara lafiya, kuma ta fara ganin ƙasan rumbu.

A cikin kwanakin nan ne Hajo ta yi mini wata magana. Muna zaune bayan shan ruwa ta ce, “Malam, in hwaɗi wani abu? Ɗazu da sahe da nij je wanki, na shanya zanena bisa gehen gilashin ga. Sai ruwa ya rage. Da niɗ ɗauke, sai ya dawo.”

Na ajiye ludayi. Na ce, “Jiƙaƙƙen zane kika ɗora a kai? Ba ki taɓa ganin yadda ƙwan fitila ke tsagewa in ruwa ya ɗiga masa ba?” Na yi ta faɗa, har Kawu ya yi gyaran murya daga zaure. Ta kwashe kwanuka. Ana ga yaƙi ina ga ƙura. Daga ranar na hana mata matsowa kusa da shi, na kewaye wurin da ƙaya.

Ana saura kwana huɗu salla, da rana tsaka, ina bakin rijiyar hannu, sai ga guguwa ta taso daga tudu tana juya kara da ganye. Ta bi ta tsakiyar lambun, ta ɗauke zanar nan ta yar can cikin fangali. Na saki guga na ruga, zuciyata na kan gilashin. Kafin in isa na ji wani sauti a bayana. Mesa ce take harbawa, ruwa na fita da ƙarfin da ban taɓa gani ba ko a watan sanyi, har tana motsi a ƙasa.

Na tsaya. Sannan na je na ɗauko zanar na ɗora. Ruwa ya mutu. Na sauke, ya taso. Na sake ɗorawa, na sake saukewa. Sau uku na yi, ba don ban gane ba tun a na farko. Daga nan na zauna a ƙasa cikin ranar, ina kallon ruwa na bin fangalin da ganyensu ya riga ya zama kara. Ban yi kuka ba, jikina ba shi da ruwan yinsa. Kunya ce dai ta rufe ni, irin wadda ba kowa a wurin amma ka kasa ɗaga kai.

Da la'asar Kawu ya zo ya tarar da lambu jagab. Na gaya masa komai. Ya daɗe yana duban gwafannin nan huɗu, sannan ya ce, “Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Da ni da kai munka yi ta, kak ka ɗauka kai ɗai.” Da na koma gida na gaya wa Hajo. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, “To, Allah ya sa sauran ta yi.” Daga ranar har yau ba ta sake ta da maganar ba, kuma da ta yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Albasa ba ta yafe ƙishin da ta sha lokacin ɗaura kai. Wadda ta rayu ta fito ƙanana kamar ƙwan zabo. Bayan salla saurayin nan ya dawo kamar yadda ya ce. Ya duba gilasai, ya duba wayoyi, ya rubuta a littafinsa. Ya ce duk wuraren da suka kafa bai ga wanda aka kula da shi kamar wannan ba, ko ƙwarzane babu. Na ce masa mun gode.

Rabona na albasa na kai kasuwa na juyo da gero, ga shi gero ya yi tashin gwauron zabo. Muka koma Malisa da abin da jaki ɗaya ya ɗauka ba nishi. Muka yi ta ja, daga ci biyu muka koma ɗaya, Inna na haɗawa da dusa da ganyen tafasa busasshe. Na yi share-sharen gona, na zauna jiran ruwa. Ruwan ya yi nawa. Zafi ya kai inda ko kaji sai buɗe baki suke a gindin rumbu. Gari duka halin ɗaya ne, ba wanda za ka je wa. Ranar da aka karkaɗe buhu, ƙaramar 'yarmu ta kwana biyu ba ta wasa, gashin kanta ya fara ja.

Na ce da Inna mu yi binne, mu zuba geron Baba a ƙasa tun ruwa bai zo ba, inda cikinmu ba zai kai gare shi ba. Ta dubi yarinyar, ta dubi sama, ba ko gizagizai. Ta ce, “Hau ka sauko min da shi.”

Na ce, “Inna, ke kika ce gona ce.”

Ta ce, “Gona don wa? Sauko da shi.”

Ita ta sussuka da hannunta, ba ta bar Hajo ta taɓa ba. Tuwon yana warin hayaƙi, kuma ya yi daɗi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Dammunan biyu suka riƙe mu. Kwana tara da gama na ƙarshe ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta yi ƙamshi, gari ya fita shuka. Ni ma na fita, da irin da na samo a kasuwa, gauraye, ban san uwarsa ba ban san ubansa ba. Mutum biyu da Baba ya taɓa ba irin nasa, na je musu daga baya, su ma sun cinye.

Yanzu fadamar Diggi ba ta da kama da waccan. In ka hau tudu sai ka ga farantan nan na ƙyalli ko'ina, kowa da nasa, ba mai zuwa kallo. Ana noma sau biyu, wani sau uku. Manyan motoci na shigowa har bakin lambu ɗaukar albasa, samarin da da sai su tafi cin rani kudu suna nan suna gina ɗakunan kwano. A Kalgo har ƙanƙara ake sayarwa da azumi, da ranar nan dai da ta kusa kashe mu. Lambun Kawu ne Nasiru yake nomawa, ya ƙara da na gefe. Ni kuma in na shiga kasuwar Gwandu ko ta Jega nakan bi layin masu hatsi in duba. Ana samun mai gargasa, amma ba na Baba ba ne. Ƙugiyar tana nan a ɗakin Inna, ta yi baƙi, ba wanda ya cire ta.

Jiya da la'asar ta gabato sai na lura inuwar wani reshen mangwaron ta miƙa ta taɓa kusurwar farantin ƙarshe. Ba ta fi tafin hannu ba. Na kira Nasiru na nuna masa, na ce ya kawo adda.

Ya ce, “Baba, ai ɗan wanga ba ya rage komai. Kuma reshen ga shi ka ba ka inuwa in ka zamna.”

Na ja tabarmata na koma gefe. Na ce, “Sare shi. Ni na san abin da inuwa take ci.”